Takalmi a Leda

Ɗazu da la'asar ƙanena ya shigo da takalmin aikinsa a baƙar leda. Shekara shida yana wata masana'anta a unguwar Sharaɗa ta Kano, yau maigadi ya karɓe katinsa a bakin ƙofa, wai an rage ma'aikata. Na ce, "Auta, ina takardar ɗaukar aikinka?" Ya yi shiru, yana karkaɗe ƙurar takalmin. Ashe ba a taɓa ba shi ba.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce a ba ma'aikaci takarda cikin wata uku. A 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 70,000, muka yi ta murna. To wanda sunansa ba ya cikin kowane littafi fa? Ledar na nan a zaure, na rasa inda zan kai ƙara.