Cocin Vézelay da mutumin da ya cece shi

A kan wani tudu a yankin Burgundy na ƙasar Faransa akwai cocin sufaye na Vézelay, wanda tarihinsa ya daɗe yana jan hankalina. Bayan gobarar shekarar 1120, wadda ta halaka ɗimbin masu ziyara, aka sake gina babban zaurensa da bakuna masu siffar rabin da'ira, inda magina suka jera farin dutse da mai duhu bi da bi. A ƙarshen ƙarnin aka sake gina sashen gabas da sabon salo mai tsinin bakuna da manyan tagogi, har mai shiga yakan ji kamar daga inuwa yake tafiya zuwa hantsi.

Da Prosper Mérimée, jami'in gwamnati mai duba gine-ginen tarihi, ya duba ginin a 1834, ya tarar bangaye sun tsattsage, rufin kuma yana shirin ruftawa. A 1840 aka damƙa gyaran a hannun Viollet-le-Duc, mai zanen gine-gine, saurayi ɗan shekara 26. Ya sauke bakunan da suka lalace, ya sake ɗora su, ya kuma sabunta ginshiƙan da ke tokare bango daga waje. Aikin ya ci kusan shekara 20.

Ana zarginsa da wuce gona da iri, domin sassaƙen da ke saman ƙofar waje sabo ne, an yi shi a madadin wanda aka farfasa lokacin juyin juya halin Faransa. A ganina zargin yana da tushe, sai dai da ba don Viollet-le-Duc ba, da hukumar UNESCO ba ta tarar da komai ba sai kufai a 1979, lokacin da ta sanya wurin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.