Yadda na daina zubar da kayan lambu duk sati

Na daɗe ina yin wani abu da nake ganin tsafta ce, ashe shi ne yake lalata min kaya. Duk ranar da na yo cefane sai in juye komai a roba in wanke tas, tumatir da karas da latas da kokwamba, ko tsanewa basu gama yi ba in zuba su a leda ɗaya in ƙulle bakinta tam in tura firji, har da tuffa a ciki in akwai. Kafin kwana huɗu in na buɗe ledar nan sai in tarar latas ya koma baƙi-baƙi yana yauƙi, kokwamba ta yi laushi, ruwa ya taru a ƙasan ledar yana wani irin wari. Wallahi raina yana ɓaci sosai, dan abinci ne, ba abun da mutum zai riƙa kwasa yana kaiwa bola duk sati bane.

Abun da ya fara dawo da hankalina karas ne. Wata rana na ɗauko ɗaya, a ido lafiyarsa lau, na kankare na gatsa sai naji ɗaci, na gwada na biyu shima haka. Da na bi diddigi sai na gane cewa tuffar da ke kusa da shi ce sanadi. Akwai wata iska da ake kira etilin, ba a ganinta, wasu 'ya'yan itatuwa ne ke fitar da ita lokacin da suke nuna, irin su tuffa da ayaba da mangwaro da tumatir da fiya. Tun 1901 wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Dimitry Neljubow, ya gano iskar nan tana canza yadda tsiro ke girma, a 1934 kuma Richard Gane a Ingila ya tabbatar cewa tuffa da kanta take fitar da ita. To ita wannan iskar in ta samu karas sai ta sa shi ɗaci, in ta samu latas sai ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa a jijiyarsa, kokwamba da kabeji kuma su koma ɗorawa. Ni kuma gashi na kulle su duka a ɗaki ɗaya ba ko taga.

Daga nan ne na fahimci abun da ya canza min komai, wato kayan nan ko bayan an cire su daga gona suna nan da rai, suna numfashi, suna fitar da zafi da danshi. In ka toshe musu iska danshin sai ya kwanta a jikinsu, fumfuna da ƙwayoyin cuta kuma abun da suke nema kenan. Shi yasa yanzu bana wanke komai sai zan yi amfani da shi. Latas ne kawai da sauran ganye nake ɗan yiwa hidima, in cire duk ganyen da ya ƙuje, in naɗe sauran a busasshen tawul mai tsafta, in sa a mazubi mai murfi ba tare da na danne ba. Bayan kwana biyu in na taɓa tawul ɗin naji ya jiƙe sai in canza wani. Da wannan kaɗai latas ɗina yake kai sati yana ƙaras-ƙaras. Karas kuwa in da ganyensa ya zo, take nake yankewa, dan ganyen tsotse ruwan jikinsa yake har ya yi yaushi.

Sai maganar firji, wadda nan ma na daɗe ban gane ba. Ni a da gani nake duk abun da ya shiga sanyi ya tsira. Firji ana so ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa da haka, kuma hakan yayi wa ganye da karas da kabeji da inabi daidai, amma kayan da asalinsu na wuri mai zafi ne sanyin cutar da su yake. Ayaba in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 13 ɓawonta baƙi yake yi, in ɗanya ce ma ba zata ƙara nuna yadda ya kamata ba. Tumatir shima ƙasa da digiri 12 ƙamshinsa guduwa yake, cikinsa ya zama gari-gari. Yanzu a faranti nake jera shi a inuwa, ba a ɗora wani kan wani ba, in kifa wajen hancin ƙasa dan ta nan ruwan jikinsa ke fita, sai ya nuna sosai naga ba zan cinye da wuri ba sannan ya shiga firji. Lemo da abarba da kankana da inabi su basa ƙara zaƙi bayan an cire su, ajiye su da sunan jira su nuna ɓata lokaci ne.

Albasa da dankalin turawa kam na raba musu gida tuntuni. Dankali danshi yake fitarwa, albasa kuma bushewa take so, in suka zauna tare duka biyun lalacewa suke da wuri. Dankalin yana kwali mai huji a wuri mai duhu, dan haske yana sa shi kore, kuma tare da koren nan ne wani dafi mai suna solanin ke taruwa, in kaɗan ne in yanke wurin da zurfi, in ya yi yawa ko yana ɗaci bana ci. A firji ma bana sa shi, sanyi na juya sitacinsa ya koma suga.

Duk abun da wuƙa ta taɓa, kankana ce ko abarba, bana bari ya wuce awa 2 a waje, rufewa nake in sa a firji. In kuma kaya sun yi min yawa naga zasu fi ƙarfina, sai in yanka karas ko koren wake, in tsoma a tafasasshen ruwa kamar minti 2 zuwa 3, in kwashe in jefa a ruwan ƙanƙara, ya tsane sosai sannan in kai firiza. Tsomawar nan kada a tsallake ta, na taɓa tsallakewa, bayan wata biyu launin ya dushe ɗanɗanon kuma ya tafi.

Ayaba da tuffa yanzu kwandonsu daban a can gefe, amma in ina so fiya ta nuna da sauri, da gangan nake sa ta a jakar takarda tare da ayaba ɗaya, kwana biyu zuwa uku ta yi laushi.