Daga Boston zuwa Providence a kan sawun waɗanda aka kora

A ƙarshen kaka na sauka a Boston, babban birnin jihar Massachusetts ta Amurka, na fara da harabar majalisar jihar, inda mutum-mutumin Anne Hutchinson yake tsaye tun 1922, ta ɗaga kai sama, wata yarinya ta raɓe a jikinta. Masu yawon buɗe ido hankalinsu yana kan ƙubbar zinariya ta ginin, da ƙyar wani ya waiwaye ta.

Ungozoma ce da ta iso daga Ingila a 1634 cikin 'yan Furitan, Kiristocin da suka yi ƙaura saboda suna ganin cocin ƙasarsu bai tsarkaka ba. Takan tara mata a gidanta su yi bitar wa'azin Lahadi, har maza suka fara halarta, sannan ta fito fili ta ce akasarin limaman yankin sun mai da aikin kirki shaidar samun ceto, alhali a wurinta ceto alherin Allah ne tsantsa. A Nuwamba 1637 aka gurfanar da ita gaban Gwamna John Winthrop, ta kare kanta da hujja har alƙalai suka rasa madafa, sai da ta furta cewa Allah yana yi mata wahayi kai tsaye, nan take suka sami abin da suke nema, aka yanke mata hukuncin kora. A ganina, ganin mace tana karantar da maza ya fi aƙidar tata ci musu rai. Inda gidanta yake a da, a mahaɗar titin School da Washington, yanzu wani tsohon ginin jan bulo ne.

Washegari na shiga jirgin ƙasa zuwa Providence, babban birnin jihar Rhode Island, tafiyar kimanin awa guda. Roger Williams, wanda aka yanke wa hukuncin kora tun 1635 saboda ya ce hukuma ba ta da hurumi a kan imanin mutum, a ƙafa ya bar Massachusetts cikin dusar ƙanƙara, ya kafa garin a 1636 a filin da ƙabilar Narragansett ta ba shi. Shi ne ya taimaka wa mutanen Hutchinson suka zauna a tsibirin Aquidneck da ke Rhode Island bayan korarta. A ginin majalisar jihar Rhode Island na daɗe tsaye gaban takardar izinin mulki da Sarki Charles na Biyu na Ingila ya ba Rhode Island a 1663, an adana ta cikin gilashi, wadda ta hana a takura wa kowa saboda bambancin ra'ayinsa na addini, fiye da shekara 120 kafin kundin tsarin mulkin Amurka ya ɗauki irin wannan matsayi.

Ita Hutchinson ba ta ga wannan rana ba, domin an kashe ta da yawancin yaran da ke tare da ita a 1643, a wani harin 'yan asalin ƙasar a yankin unguwar Bronx ta birnin New York na yau, inda ta koma daga Aquidneck. Sai a 1987 Gwamna Michael Dukakis ya soke hukuncin korarta daga Massachusetts.