Godiya ga Duk Wanda Ya Tsaya Mana a Daren Tunawa da Zalika Souley

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Yau kwana huɗu ke nan da tashi daga taron, kuma sai yanzu muryata ta fara dawowa, jikina ya ɗan saki har na iya zama in rubuta wannan saƙo. Godiya ta farko ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya riƙe mana hadarin da ya haɗo daga gabas tun la'asar, bai sake shi ba sai da aka naɗe tabarma ta ƙarshe, ya kuma mayar da 'ya'yan mutane ashirin da uku da aka ba ni amana gidajen iyayensu lafiya. Waɗanda suka bi mu tun wata uku da suka wuce sun san yadda aka yi da wurin farko da aka janye mana saura sati guda, sun kuma san maganganun da aka yi ta yawo da su a wayoyi. Ba zan maimaita ko ɗaya ba, domin ya wuce, kuma na yafe.

An sha tambayata, wasu da kyakkyawar niyya wasu da akasinta, abin da ya haɗa malamar lakwal a Damagaram da wata Bazabarmiya ta Yamai wadda ta riga mu gidan gaskiya. Abin da ya haɗa mu shi ne ranar da na tambayi 'yan matan ajina ko akwai wadda ta taɓa jin sunan Zalika Souley, babu hannu ko ɗaya da ya tashi, alhali kowaccensu tana iya jero mini 'yan wasan Kano da na Indiya ba tare da ta numfasa ba. Matar da ake ƙirgawa cikin na farkon farko a matan Afirka da suka ɗauki wasan fim sana'a, 'yar ƙasarmu ce, an haife ta a Yamai a 1947, kuma jikokinta ba su san ta ba. Wannan ne ya hana ni barci har muka tsara wasan da kuka gani, inda majigi yake haska ɗan yanki na finafinanta a jikin farin ƙyalle, sa'an nan yaran su hau dandamali su nuna abin da ya same ta a bayan kowane fim.

Kashi na farko ya tafi cikin raha. Zalika ba ta wuce shekara 19 ba lokacin da Moustapha Alassane ya sa ta a Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da tsarabar kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka hau dawakai suka hana ƙauyensu sakat. Ita kaɗai ce mace a cikin gungun, da wando da malafa, shekara shida kacal bayan samun 'yancin kan Nijar. Mu ba mu da doki, saboda haka yaran suka ɗaure na kara, kuma da ya fito sai na ji dattawan da ke zaune suna dariya irin ta wanda ya tuna ƙuruciya, domin garin da ya san wasan kara tun kaka da kakanni ba baƙon kwaikwayo ba ne. A nan na fara tsammanin daren zai wuce lami lafiya.

Kashi na biyu shi ne na shekarunta tare da Oumarou Ganda, wanda ya sa ta a Cabascabo da Le Wazzou polygame da Saitane, har zuwa L'Exilé a 1980. Mun zaɓi Wazzou domin shi ne ya ci Étalon de Yennenga na farko da aka taɓa bayarwa a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, wato babban kambun finafinan Afirka Nijar ya fara sauka, kuma da fuskarta a ciki. A fim ɗin wani alhaji ne ya dawo daga Makka ya nemi ƙara mata ta uku, yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, Zalika kuma ta fito a matsayin kishiyar da kishi ya kai ta ga kisa. Irin rawar da aka riƙa ba ta ke nan, ta matan da ake gudu, kuma ta iya ta har mutanen zamaninta da yawa suka kasa raba matar da ke jikin allo da matar da ke tafiya a titi, suka riƙa zaginta suna kiranta da sunayen banza. Don haka muka rubuta fitowar da take shiga kasuwa da kwando, matan kasuwa suna juya mata baya suna jifanta da magana, kuma mun yi gwajin wannan fitowa ya fi sau talatin.

Abin da ba mu gwada ba shi ne muryar namijin da ta taso daga can baya, gindin katanga. Bai kira Zalika ba. Sunan yarinyar na gaskiya ya kira, ya haɗa da sunan marigayi mahaifinta, ya faɗi kalmar da ba zan rubuta ba, sa'an nan wani hoge ya faɗo a kan dandamali ya fasa fitilar da ke gefen ƙafarta. Kowa ya san yarinyar da ta fito a Zalika 'yata ce, kuma 'yar fari, ita ma shekararta 19. Ina tsaye bayan labule da takardar wasan a hannuna, tsakanina da ita bai fi taku biyar ba, ina ganin kwandon yana rawa a hannunta, ina ganin leɓenta yana motsi babu sauti. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa riƙe hannunta a gaban jama'a ba, kuma a wannan lokaci da ta fi buƙatata kunyar ɗan fari da tsoro suka haɗu suka daskarar da ƙafafuna. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin injin wuta da iskar hadari tana kaɗa farin ƙyallen, kuma na tabbata a raina cewa na jefa marainiya cikin abin da zai bi ta har ɗakin aurenta.

Sai wata tsohuwa ta miƙe daga kujerun gaba. Da sanda take tafiya, ta hau matakalar nan uku ita kaɗai, ta ture hannun yaron da ya so ya taimaka mata, ta taka fasassun kwalaben fitilar ta isa wurin yarinyar. Ta cire mayafinta, shuɗi mai bakin zare, ta yafa mata a kafaɗa, ta juyo ta fuskanci jama'a. Ba ta nemi lasifika ba, amma har na bakin ƙofa sun ji ta. Ta ce tana amarya a Yamai mijinta ya kai ta silima suka kalli wannan fim, kuma da suka fito tana cikin matan da suka tsine wa Zalika, ta ce shekara hamsin da ɗoriya ke nan abin yana ranta, domin sai da ta girma ta zauna da kishiyoyi ta gane cewa matar nan gaskiya ta nuna musu suka rama da zagi. Sa'an nan ta dubi yarinyar ta ce, "Ci gaba, jikata, ga ni nan zaune." Ta zauna a gefen dandamali, ta miƙe ƙafafunta, ta ajiye sandarta a cinya, ba ta tashi ba har aka gama.

Da mayafin nan a kafaɗa yarinyar ta ƙarasa kasuwar, da shi kuma ta yi kashi na uku, wanda ya fi kowane nauyi. Bayan rasuwar Ganda ranar 1 ga Janairun 1981 harkar fim ta Nijar ta yi ta ja baya, aiki ya ƙafe, har lokacin da Rahmatou Keïta ta yi fim ɗin tarihinta, Al'lèèssi, wanda ya fito a 2004, ta iske tauraruwar da aka tafa wa a ƙasashe tana zaune da 'ya'yanta a gida mai ɗaki biyu wanda ko ruwan famfo babu, kuma daga baya ta fita ƙasar waje aikatau. Allah ya yi mata rasuwa ranar 27 ga Yulin 2021. Lokacin da yarinyar ta ratsa dandamali da bokitin ruwa a ka, ta wuce ta gaban farin ƙyallen da ke haska fuskar Zalika tana budurwa a kan doki, na ji shessheƙar mata daga ko'ina, kuma a nan ne ni ma ƙafafuna suka saki na zauna a ƙasa bayan labule.

Al'adarmu ba ta son a tona wanda ya yi alheri a ɓoye, kuma wasu sun gargaɗe ni, amma su yi mini afuwa. Alhaji mai gareji ya kwashe motocin mutane ya share mana filinsa cikin kwana biyu, bai karɓi ko dala ba. Malam limamin unguwarmu, da maganganu suka yi yawa, bai yanke hukunci daga nesa ba, ya tako da ƙafarsa ya zauna ya kalli gwaji tun daga farko har ƙarshe, ya gyara mana wuri biyu, ya sa mana albarka. Tsohon direban nan da unguwa ke kira Baba Zabarma ya riƙe lasifika yana mayar da Zabarmancin finafinan zuwa Hausa baki da baki, ga tari yana damunsa, bai yarda a karɓe shi ba. Hajiya mai ƙosai ta bakin masallaci ta ciyar da yaran nan kowace yamma ta gwaji, kuma duk ranar da na kai mata kuɗi sai ta ɗaure fuska ta ce jikokinta ne. Tsohon ɗalibina da ke aiki a Yamai shi ya yi ta faɗi tashi har ya samo mana yankunan finafinan. Samarin fadar bakin titi, waɗanda ake yawan yi wa mummunan zato, su suka kawo injin wuta da aka ɗauke kuran, su ne kuma suka kewaye mai jifan suka raka shi waje ba tare da an taɓa lafiyarsa ba, kuma da sun biye wa zuciya da daren ya ƙare a wani wuri dabam. Ga telan da ya ɗinka kayan wasa bashi, ga iyaye mata da suka haɗa jika ɗaya jika biyu daga kuɗin cefane, ga ƙanena da ya taso daga Mirriya a kan babur cikin iska don kada a ce yarinyar ba ta da kowa.

Kujeru shida na gaba na ware su ne domin baffanninta da gwaggonninta. Da ƙafata na bi gida gida na kai goro da takardar gayyata, na durƙusa na yi bayani, na ce ko ba don ni ba a zo don marigayi, wanda shi ya fara kai ta kallon wasa tana ƙarama. Har aka yi sallar isha'i kujerun suna nan wayam, yarinyar tana leƙowa ta gefen labule tana komawa, sai na ce a ba tsofaffin da ke tsaye su zauna. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su, Allah ya sa haka ne, kuma zumunci yana nan yadda yake. A ɗaya daga cikin kujerun nan ne tsohuwar ta samu wuri.

Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, wanda na ambata da wanda na manta saboda gajiya. Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira yadda kuka rufa mana, ya tsaya wa 'ya'yanku a ranar da ba ku kusa, ya sa kada su rasa mai yafa musu mayafi a cikin taro. Allah ya jiƙan Zalika Souley, ya yafe mata kurakuranta, ya sa wahalar da ta sha ta zama kaffara, ya jiƙan Oumarou Ganda da Moustapha Alassane da mahaifin yaran nan da dukkan musulmin da suka riga mu. Wanda ya yi jifa kuma, Allah ya shirye shi, ya ba shi 'ya'ya mata masu albarka. Ke kuma yarinyar nan, ban saba faɗa miki a ido ba, kuma ba zan iya ba ko gobe, amma ki karanta a nan cewa na ga tsayuwar da kika yi, Allah ya yi miki albarka, ya haɗa ki da mijin da zai san darajarki.

Saura roƙo guda. A cikin rububin tashi, da iska ta taso kowa yana neman hanyar gida, tsohuwar ta sulale ba mu yi sallama ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce ya ɗauka tare muke. Wani yaro ya ce ya ga an ɗora ta a kan kabu-kabu an nufi wajen Birni. Doguwa ce, fara, tana ɗingisa ƙafar hagu, kuma Hausarta da ɗan gauraye na wadda ta daɗe a yamma. Mayafinta yana wurinmu, an wanke an goge an ninke shi, yarinyar ta hana kowa taɓawa. Duk wanda ya san gidanta, don girman Allah ya sanar da ni ko ya faɗa wa Alhaji a gareji, domin muna son mu kai mata kayanta da ƙafarmu, mu durƙusa mu gaishe ta.