Senti goma a kowane mil: abin da tuƙin tirela a Amurka ya koya mini

Duk wanda ya samu lasisin CDL, wato na tuƙin manyan motoci, a Amurka, tambayar farko da direbobi za su yi masa ita ce: a W-2 za ka yi aiki ko a 1099? Mai W-2 ma'aikaci ne, kamfani ke cire masa haraji kafin kuɗi su shigo hannunsa. Mai 1099 ɗan kwangila ne, ana ba shi kuɗinsa cif-cif, sauran tsakaninsa da hukumar haraji ta IRS. Yawancin 'yan'uwanmu da suka zo daga Nijar, Gana da Najeriya sun fi karkata ga na biyun, kuma na san dalili. Mutum yana da iyaye da ƙanne a gida suna jiran aike, ya ga ceki ba a taɓa ko sisi ba, dole ransa ya biya.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo. A ce wani kamfani zai biya ka senti 60 a mil a matsayin ma'aikaci, wani kuma ya ce senti 70 a kwangila. Idan kana yin mil 2,500 a mako, bambancin dala 250 ne. To amma akwai harajin Social Security da Medicare, wato na fansho da kiwon lafiyar tsofaffi, kashi 15.3 cikin ɗari. Ma'aikaci rabi yake biya, wato 7.65, kamfani ya biya rabin. Ɗan kwangila shi kaɗai zai ɗauke shi duka. A wannan lissafin kusan dala 130 sun tafi ke nan tun ba a je ko'ina ba. Da ɗan abin da ya rage za ka sayi inshorar lafiya, da shi za ka ci abinci a makon da ka je gida hutu ko ka kwanta ciwo, domin motar da ke tsaye ba ta kawo komai. Kuma IRS tana son harajin ɗan kwangila sau huɗu a shekara: Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu. Na zauna da wani ƙanina a wurin mai lissafin haraji ranar da aka gaya masa abin da ake bin sa. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Yaya, ai kuɗin nan na riga na zuba su a gini."

Gaskiya ne ɗan kwangila yana iya cire kashi 80 cikin ɗari na kuɗin abincin hanya daga abin da za a yi wa haraji, damar da ma'aikaci ya rasa tun 2018. Wannan riba ce, ba na musu. Sai dai ba ta taka kara ta karya idan aka zo maganar rauni. A kusan dukkan jihohi, ma'aikacin da ya zame daga bayan tirela ya karye yana da inshorar diyya da kamfani ya biya masa, idan aka sallame shi kuma yana iya neman tallafin rashin aiki. Ɗan kwangila sai abin da ya saya wa kansa.

Mai motar kansa maganarsa daban. Shi ɗan kasuwa ne na gaske: yana zaɓar lodi, yana ciniki da dillali, yana iya cewa ba zai je ba. Amma dizal nasa ne, taya nasa, gareji nasa, harajin babbar mota na dala 550 a shekara nasa, ga inshorar da doka ta ce kada ta gaza dala 750,000. Tirela mil shida zuwa bakwai take yi da galan ɗaya. A 2022 galan ya haura dala biyar, farashin lodi kuma ya faɗi, waɗanda suka ci bashi suka sayi mota da tsada a 2021 suka ji jiki. Duk da haka ina girmama wannan hanya, domin wanda ya ɗauki kasada shi ne ke cin ribar idan kasuwa ta yi kyau.

Wanda ke ba ni tausayi shi ne na tsakiya: motar ta wani ce, dispaca, wato mai raba wa direbobi lodi, ke gaya masa inda zai je da lokacin da zai tashi, ba shi da ikon ƙin lodi, amma an rubuta shi a 1099. An ɗora masa nauyin mai mota, an hana shi 'yancin mai mota. Irin wannan ne ya sa Kalifoniya ta kafa dokar AB5 a 2019 don hana rubuta ma'aikaci a matsayin ɗan kwangila, wadda ta fara aiki a kan masu tirela a 2022. Ɗan'uwansa shi ne tsarin haya har ka mallaka, kamar yadda ake ba da adaidaita sahu a Kano. Na ga takardar mako ta wani da ke cikinsa: kuɗin mota, inshora, mai, ajiyar gyara, layi bayan layi, abin da ya rage a ƙasa bai kai kuɗin hayar ɗakinsa ba. Idan ya bar kamfanin kafin ya gama biya, motar ta koma, abin da ya zuba ya bi ruwa.

Kuma ba yadda za ka yi ka cike giɓin da ƙarin aiki. Doka awa 11 ta ba ka na tuƙi a cikin awa 14, da awa 70 a kwana takwas, na'urar da ke cikin mota tana ƙirgawa. Awa huɗun da ka ɓata a bakin sito kana jiran a sauke kaya suna cin agogonka, ko an biya ka su ko ba a biya ba.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Mai son ɗauko matarsa ko 'ya'yansa dole ya cike takardar I-864 ta alƙawarin ɗaukar nauyinsu, ya nuna takardar harajinsa, kuɗin shigarsa su kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnati. Ɗan kwangilar da ya yi ta cire-cire don ya rage haraji, ranar nan zai ga takardarsa ta nuna shi matalauci, sai ya shiga neman wanda zai tsaya masa. Bankin da ke ba da rancen gida ma galibi harajin shekara biyu yake nema a wurinsa, alhali ma'aikaci takardun albashinsa sun fi saurin wadatar da su.