Dala ɗari da arba'in, daga hannun kawuna zuwa asusun komin

A kakar da ta wuce na je ƙauyenmu da ke cikin ƙasar Adar, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba daga nan birnin Tawa, na tarar da kawuna zaune a ƙofar gida da katin iyali a kan cinyarsa, yana ƙirga kuɗin lanho, wato harajin da ake biya kowace shekara. Mutum shida ne a rubuce a kansa, kowanne tamma 700 na sefa, wato dala ɗari da arba'in a bakin kasuwa, jimla jika huɗu da dala arba'in, wato sefa 4,200. Biyu daga cikin shidan suna Abijan, ɗaya yana Libiya, amma sunayensu na nan a takarda, don haka shi ne zai biya musu kafin aikensu ya iso. Bayan mun gama gaisawa sai ya ɗago kai ya ce mini: "Malam, kai da ka yi lakwal, wannan kuɗi da nake kai wa hakimi kowace shekara, hannun wa suke ƙarewa?" Na ce masa: "Kawu, ku ba ni lokaci, domin amsar tana da tsawo." Abin da na faɗa masa a wannan yammaci shi ne na ga ya dace in rubuta, saboda bin sawun kuɗin nan ya fi kowane zane na ofis nuna wanda aka zaɓa da wanda aka naɗa a mulkin karkararmu.

Abu na farko da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a tsarin dokar Nijar ƙauye ba shi da gwamnati tasa ta kansa. Ba shi da majalisa, ba shi da kasafin kuɗi, ba shi da asusu. Matakin ƙarshe na mulkin da ake zaɓa shi ne komin, wato ƙaramar hukumar da ta tattara ƙauyuka da rugage da zangunan makiyaya masu yawa a ƙarƙashin magajin gari guda. Ƙasar tana da irin waɗannan 266, mafi yawansu na karkara, kuma zaɓensu na farko an yi shi ne ranar 24 ga watan Yuli na 2004. Abin da ƙauye yake da shi shi ne hakimi, wanda wasu ke kira maigari. ('Yan'uwanmu na Najeriya su lura: a wurinmu hakimi shugaban ƙauye ne, wanda yake sama da shi kuwa, mai riƙe da kanto, wato yanki mai ƙauyuka da yawa, shi muke kira sarki.)

Hakimin nan, wanda shi ne hannu na farko da kuɗin kawuna ke shiga, yana da wuyar sakawa a layi ɗaya. Zaɓarsa ake yi, domin idan kujera ta faɗi magidantan gari ne ke taruwa su fitar da mutum ɗaya daga cikin waɗanda al'ada ta ba su hakkin neman sarautar, a gaban wakilan hukuma. Amma zaɓen sau ɗaya ne a rayuwa, ba a sake shi bayan shekara biyar, kuma da zarar hukuma ta tabbatar da shi ya zama wani sashe na mulkin ƙasa, yana ƙarƙashin sarkin kanto da kuma perefe, wato shugaban gunduma da gwamnati ke naɗawa. Dokar da ta tsara matsayin sarakunan gargajiya, wadda aka sabunta a watan Janairu na 2015, ta ɗora masa karɓar haraji, da sasanta rigingimun gona da na aure da na gado, kuma ta hana shi shiga siyasar jam'iyya. Sarkin kanto shi ma haka ne, sai dai shi hakimai ne ke zaɓarsa. Mata ba su cika samun baki a zaɓen hakimi ba, tun da magidanta ake ƙirgawa, alhali kuwa a ƙauyukan Adar da rani su ne ke riƙe da gidaje idan maza sun tafi bida, wato ci-rani.

Kewaye da hakimi akwai mutanen da babu wata takardar hukuma da ta naɗa su, amma babu abin da ke tafiya in ba da su ba: liman, da sarkin noma, da sarkin fawa, da wakilin da yake aikawa idan ƙafarsa ta gaza. Akwai kuma kwamitocin da taron gari ke zaɓa ta hanyar ɗaga hannu, kamar na kula da makaranta wanda ake kira COGES, da na famfo ko rijiya. Waɗannan su ne suka fi kusa da abin da za a iya kira gwamnatin ƙauye, ko da yake ikonsu bai wuce kuɗin alli da gyaran famfo ba.

Idan hakimi ya tara lanho, ba magajin gari yake kai wa ba, kuma a nan ne kawuna ya fara gyara zama. Ma'ajin komin yake kai wa, ya karɓi takardar shaida, daga baya a fitar masa da kasonsa na wahalar tarawa. Ma'ajin nan ba zaɓaɓɓe ba ne, naɗaɗɗen ma'aikaci ne mai amsa tambaya a gaban ma'aikatar kuɗi ta ƙasa. Tsarin da muka gada daga Faransa ya raba aiki biyu da gangan: wanda ke ba da umarnin kashe kuɗi daban, wanda ke riƙe da makullin asusu daban. Magajin gari yana sa hannu a biya, amma ba ya taɓa kuɗin. Ma'aji yana riƙe da kuɗin, amma ba ya fitar da ko dala sai da umarni a rubuce da kuma gurbin da aka tanada a kasafi. A ganina wannan rabo shi ne mafi hikima a cikin tsarin gaba ɗaya, kuma duk inda aka ji asusun wata komin ya lalace, idan aka bincika za a tarar mutanen nan biyu sun daina sa wa juna ido ne.

Kasafin da ma'aji ke dubawa kuwa, kafin a rusa majalisu a 2024, majalisar komin ce ke amincewa da shi, kuma ita ce zuciyar ɓangaren zaɓaɓɓu. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na ranar 17 ga watan Satumba na 2010 ya ba kansiloli wa'adin shekara biyar, kuma mafi ƙanƙantar majalisa tana da kujeru 11, adadin yana ƙaruwa gwargwadon yawan jama'a. Suna zama na ƙa'ida sau huɗu a shekara, su tattauna kasafi, da shirin raya komin, da kuɗin tikitin kasuwa da na tasha da na mahauta. Daga cikinsu ne suke zaɓar magajin gari da mataimakinsa, ko mataimaka biyu idan majalisar tana da girma, don haka talaka bai taɓa jefa wa magajin gari ƙuri'a kai tsaye ba. Dokar ta kuma shar'anta cewa wanda zai hau kujerar ya kasance yana da aƙalla takardar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, sharaɗin da a wasu komin na karkara ya rage masu takara zuwa mutum biyu ko uku, ya kuma sa jam'iyyu suka riƙa ɗauko 'ya'yan gari mazauna Tawa ko Yamai suna sa su a jerin sunaye.

Jerin sunayen nan ya cancanci a tsaya a kansa. Ana zaɓen kansiloli ne ta jerin da jam'iyya ta gabatar wa komin gaba ɗaya, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu. Ma'anar wannan ita ce babu kansilan da doka ta ce shi ne wakilin ƙauye kaza. Komin mai ƙauyuka arba'in da kujeru goma sha ɗaya ko goma sha biyar dole ta bar ƙauyuka da yawa ba su da ɗansu a zauren, kuma ƙauyenmu na cikin waɗanda suka yi wa'adi guda cur a haka. Manyan garuruwa masu rumfunan zaɓe da yawa su ne ke samun saman jeri, ƙananan kuwa sai a ba su gurbin mataimakin kansila ko a yi musu alkawarin wani zagaye. Dokar kaso ta taimaka wa mata, domin an fara da kashi 10 cikin ɗari a 2000, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019, amma babu irin wannan kariya ga ƙauyen da ke bayan dutse.

Sarkin kanto yana zama a majalisar, haka ma ɗan majalisar dokoki na yankin, amma shawara kawai suke bayarwa, ba su da ƙuri'a. Wanda ya taɓa halartar irin wannan zama ya san cewa rashin ƙuri'a bai rage nauyin maganar sarki ba. Na ga zaman da aka yi sa'a biyu ana jayayya kan inda za a gina rumfunan kasuwa, sarki ya yi jimla uku, aka ɗaga hannu bisa abin da ya faɗa. Kansilolin da yawansu talakawansa ne, wasu surukansa, kuma komin da dama an shata iyakarsu ne a kan iyakar kanto, ta yadda sabuwar hukuma ta zauna a cikin tsohuwar riga.

A ma'aikatar magajin gari, wadda mutane ke kira lameri, akwai wani naɗaɗɗe da ba a cika ambatonsa ba, shi ne sakatare janar. Shi ke shirya takardun zama, shi ke rubuta abin da aka yanke, shi ya san inda aka ajiye rajistar shekarun baya. Tare da shi akwai mai rubuta takardun haihuwa da aure da mutuwa, da masu yankar tikiti ranar kasuwa. Malamin gona da na dabbobi da na gandun daji ma'aikatan gwamnatin ƙasa ne da aka ajiye su taimaka wa komin, albashinsu ba daga lanho yake fitowa ba. Sama da su duka akwai perefe, wanda majalisar ministoci ke naɗawa a kan kowace gunduma daga cikin 63 na ƙasar, kuma duk shawarar da kansiloli suka yanke sai an aika masa ya duba ko ta dace da doka. A ƙa'ida ba aikinsa ba ne ya ce rijiya ta fi aji amfani, aikinsa shi ne ya ce an bi hanya ko ba a bi ba. A aikace kuwa iyakar da ke tsakanin biyun takan dogara ga halin mutumin da ke kan kujerar.

Wuri guda da na ga ɓangarorin nan sun haɗu da kyau shi ne sha'anin ƙasa. Tsarin dokokin karkara da aka kafa tun 1993 ya samar da kwamitocin filaye hawa-hawa: na ƙauye hakimi ke shugabanta, na komin magajin gari, na gunduma perefe. Idan kawuna zai sayar da gona ko ya ba da jingina, takardar tana farawa ne daga gaban hakimi da shaidu, kuma idan aka zo shata burtali ko ranar sakin gonaki ga dabbobi bayan girbi, manoma da makiyaya duk suna da wakilai. A ƙasa irin tamu, inda garken Fulani da na Buzaye ke gangarowa daga arewa kowace kaka, wannan kwamiti ya kashe wutar da ba a ƙirga ba.

Da kawuna ya tambaye ni ko jika huɗunsa ne suka gina ajin makarantar garinmu, sai na ce masa a'a. Lanho ba ya shiga duka, musamman a shekarar da damina ta yi gardama, kuma abin da ya shiga yawanci albashin ma'aikatan lameri da man mota da kuɗin zama ne ke cinye shi. Tun 2016 gwamnati ta miƙa wa komin wasu ayyuka na ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, amma kuɗin da ya kamata ya biyo ayyukan bai cika isowa daidai da nauyin ba. Azuzuwa da rijiyoyi galibi daga tallafin ƙasa ta hannun ANFICT, hukumar da ke tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi, suke zuwa, ko daga ƙungiyoyin agaji, ko daga aljihun 'yan bida, waɗanda a Adar sun gina masallatai da ɗakunan shan magani da hannunsu.

Duk wannan bayani na zaɓaɓɓu yanzu ya zama labarin yadda doka ta tsara, domin majalisun da aka zaɓa ranar 13 ga watan Disamba na 2020 ba su cika wa'adinsu ba. Bayan sauyin mulki na ranar 26 ga watan Yuli na 2023, hukumomin soja sun rusa majalisun komin da na birane da na jihohi a watan Afrilu na 2024, suka naɗa kantomomi su riƙe aikin. Ba wannan ne karo na farko da naɗaɗɗe ya gaji zaɓaɓɓe ba, tun da a 2017 gwamnatin farar hula ta rusa majalisar birnin Yamai ta sa kwamitin riƙo, sai dai wannan karon abin ya game ƙasa baki ɗaya. Na ji masu cewa aiki ya fi sauri yanzu da babu jayayyar jam'iyyu da yunƙurin tsige magajin gari, kuma a wasu wurare ban musa ba. Abin da na lura da shi a ƙauyenmu shi ne, da can idan famfo ya lalace mutane sukan tare kansilan garin maƙwabta a wurin suna ko jana'iza su tuna masa cewa zaɓe na tafe, yanzu kuwa hanya ɗaya ce ta rage, wato hakimi ya faɗa wa sarki, sarki ya faɗa wa kantoma.

Kawuna ya saurari wannan duka bai katse ni ba, sannan ya naɗe kuɗin a cikin katin iyali ya sa a aljihun gaba. Ya ce shi dai a cikin mutanen da na lissafa hakimi kaɗai ya san ƙofar gidansa, don haka gobe da safe zai kai masa lanho, ya kuma roƙe shi ya yi wa sarki maganar famfon unguwar yamma, wanda ya kwana wata uku ba ya ba da ruwa.