Na Daina Shan Taba, Amma Marmarinta Yana Leƙowa

Na fara shan taba sigari tun ina saurayi, ban kuma rabu da ita ba sai da furfura ta fara fito mini a gemu. A tsakanin nan ta shiga ko'ina a rayuwata. Da ita nake buɗe yini, da ita nake rufe shi, in kuwa kwalin ya kusa ƙarewa da dare, hankalina ba ya kwanciya sai na san akwai na safe. Abin da ya fara tsorata ni shi ne numfashi. Hawa bene ɗaya sai in tsaya ina haki, ga tarin asuba da ke tashin mutanen gida.

Shekara da shekaru ina ce wa kaina ai ɓarnar ta riga ta auku, dainawa ba za ta gyara komai ba. Likita ne ya rushe mini wannan hujja. Ya ba ni labarin binciken da Richard Doll da abokan aikinsa suka yi a kan likitocin Birtaniya, wanda aka bi su shekara 50 aka fitar da sakamakonsa a 2004. Wanda ya daina yana da shekara 40 ya ƙara wa kansa kusan shekara 9 a kan wanda ya ci gaba da sha, mai shekara 50 ya sami kusan 6, har mai 60 ma ya sami kusan 3. Ya ce, "Malam, kwana yana hannun Allah, amma huhun nan amana ce a hannunka." Maganar ta zauna mini.

Kwanakin farko sun yi tsanani, ba zan ɓoye ba. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba mai sa mutum ya kamu da ita, yana isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan daƙiƙu bayan an zuƙi hayaƙi, kuma cikin kamar awa 2 rabinsa ya fita daga jini, shi ya sa mashayi yake ta komawa kwali duk yini. Da aka yanke shi gaba ɗaya, jikina ya yi bore: saurin fushi, rashin barci, yunwa ba dalili, ga kai ya ƙi tsayawa kan aiki. Tarin ma ƙaruwa ya yi da farko, ashe huhu ne ya fara fitar da dattin da ya tara. Filastar nikotin da nake mannawa a dantse ta rage mini kaifin abin sosai, kuma akwai cingam ɗinsa da ƙwayoyi irin su varenicline da likita ke rubutawa. Ina ganin babu abin kunya a neman wannan taimako. Masu cewa namiji da zuciyarsa kaɗai yake dainawa sun jefa mutane da yawa cikin wahalar da ba ta zama dole ba. Bayan 'yan makonni wannan boren ya lafa.

Na ɗauka shi ke nan. Sai ga wani abu daban ya fito, wanda shi ne ya fi daɗewa tare da ni.

Watanni bayan babu sauran nikotin a jinina, sai in gama cin abinci in ga hannuna ya tafi aljihun riga da kansa, yatsu biyu suna laluben kwalin da ba ya nan. Ko waya ta yi ƙara, in ɗauka, in ji ƙafata ta nufi ƙofa, domin a waje nake amsa waya a da, da kara a baki. Wata rana wani ya wuce ni a hanya ya ƙyasta ashana, ƙamshin zuƙar farko ya bugi hancina, nan take yawu ya taru mini a baki, ƙirjina ya yi wani irin buɗewa yana jira. Na tsaya cak a gefen titi, raina ya ɓaci ƙwarai, ina tambayar kaina ko duk wahalar da na sha ta tashi a banza.

Ba ta tashi a banza ba. Wanda ke shan kwali guda a yini, kara 20 ke nan, yana kai hannu baki sau ɗaruruwa kowace rana, kuma kowace zuƙa ƙwaƙwalwa tana ɗaure ta da abin da ke faruwa a lokacin: ƙoshi, gajiya, fushi, hira, jiran mota. Shekaru ana wannan ɗauri, ba zai kwance a wata uku ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne farin ciki ma yana tayar da marmarin. Ranar da aka yi mini albishir da wani alheri da na daɗe ina jira, tunanin da ya fara zo mini shi ne in kunna ɗaya.

Abin da ya cece ni shi ne lura da cewa marmarin ba ya daɗewa. Yana zuwa da ƙarfi kamar guguwa, ya yi 'yan mintuna, ya wuce, ko an sha ko ba a sha ba. Da na gane haka sai na daina kokawa da shi ina cewa bai kamata in ji ba. Yanzu in ya zo, nakan dubi agogo, in tashi daga inda nake, in sha ruwa a hankali, in ja numfashi mai tsawo sau da yawa. Dogon numfashin nan yana da muhimmanci, domin rabin natsuwar da nake zaton taba ke ba ni, daga ficewa waje da jan iska take. Kafin in koma kujera yawanci ya tafi. Duk lokacin da na gama cin abinci na tashi ban kunna ba, ɗaurin yana ƙara sassautawa.

Inda na fi taka-tsantsan shi ne maganar "kara ɗaya kawai". Wani tsohon abokina ya taɓa miƙo mini kwali cikin ƙauna, ya ce, "Haba abokina, ka riga ka ci nasara, ɗaya ba za ta yi maka komai ba." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, amma na ga mutanen da suka yi shekaru da dainawa, ɗayar nan ta mayar da su kwali cikin mako. Na ce masa ya yi mini alfarma kada ya sake miƙo mini, ko da ni na roƙa. Ya cika alkawari, kuma na ga girmansa.

Har yanzu nakan yi mafarki ina sha, in farka da faɗuwar gaba, sai in tuna mafarki ne. Wannan yana faruwa da masu dainawa da yawa. A farke kuwa, marmarin ya koma zuwa jefi-jefi, galibi in na gaji ko an ɓata mini rai, kuma iyalina sun san alamarsa. In suka ga na miƙe ba zato na fita zagaya, ba mai tambaya ta ina za ni, sun san minti kaɗan zan dawo.